Kafin Ka Taɓa Reshen Ƙasa, Ka Tuna Akwai Mutane a Sama

Duk shekara idan lokacin furojet ya kama, ɗaliban kimiyyar kwamfuta sukan rabu gida biyu. Akwai masu tura wa juna fayil ta WhatsApp, yau "na ƙarshe", gobe "na ƙarshe na gaske", jibi "wanda malam ya gyara". Ba da su nake ba yau, Allah ya kawo su hanya. Akwai kuma waɗanda suka waye suka koma Git, suka buɗe ma'ajiya a GitHub, kowa da reshensa, har suna yi wa 'yan WhatsApp kallon ƙauyawa. To da ku nake, 'yan'uwa. Na lura yawancinmu rabin Git muka koya: add, commit, push, pull. Rabin nan yana isar mutum muddin shi kaɗai ne a gonar. Ranar da aikin wani ya hau kan aikin wani, shi ma na wanin ya hau kan na wani, a ranar ne za ka ga wayayyun nan sun koma suna tambaya a guruf ko akwai wanda ya ajiye kwafin jiya a filash.

Ra'ayina shi ne, duk ƙungiyar furojet mai mutum uku ko fiye ya kamata ta iya ɗora rassa a kan juna, ta kuma iya sake dasa su idan na ƙasa ya motsa. Tsoron da aka cusa mana game da git rebase ya fi umarnin kansa yi mana ɓarna. Daga nan zan riƙa kiran wannan aiki "dashe", kamar yadda ake cire irin albasa daga bedi a kai shi fage.

Mu ɗauki misalin da kowa zai gane. An ba mutum uku aikin haɗa manhajar rabon ɗakunan hostal. Na farko ya ɗauki rumbun bayanai, wato teburin ɗalibai, na ɗakuna da na gadaje, ya buɗe reshe ya sa masa suna rumbu. Ta biyu ita ce mai shafin shiga, kuma ba yadda za ta gwada kalmar sirrin ɗalibi alhali teburin ɗalibai bai wanzu ba, don haka ta tsiro da reshenta, shiga, daga kan rumbu. Na uku shi ne mai shafin da jami'in hostal zai duba wa ya samu gado wa ya rasa, kuma sai an shiga ake ganin shafin, saboda haka reshensa, rahoto, ya tsiro daga kan shiga. Ga bene hawa uku ke nan a kan babban reshe, main.

Wani zai ce me ya sa ba za su jira juna ba? Ai zangon karatu ba ya jiran kowa. Idan sai na farko ya gama an duba an karɓa kafin ta biyu ta fara, na uku zai fara nasa ne ana saura kwana huɗu a kare furojet. Wani kuma zai ce su zuba komai a reshe guda. Wannan shi ne abin da yawancinmu ke yi, kuma shi ya sa ba wanda ke duba aikin wani. Ka kawo wa abokinka layi dubu biyu a dunƙule ka ce ya duba maka, wallahi abin da zai yi bai wuce ya gangara ƙasa ya ce "ya yi" ba. Ka kawo masa layi ɗari da hamsin masu magana a kan abu guda, zai karanta, har ya samo maka kuskure.

Ba mu muka ƙirƙiro wannan salon ba. Linus Torvalds ya rubuta Git a 2005 ne domin aikin Linux, kuma masu aikin Linux har gobe suna aika gyare-gyarensu ta imel a jere, na 1 cikin 5, na 2 cikin 5, kowanne yana tsaye a kan na bayansa. Idan masu dubawa suka ce a gyara na biyu, mai aikin zai sake jera duka biyar ɗin ya aiko da zubi na biyu. Gerrit, wanda ake duba aikin Android da shi, haka yake tafiya. Kamfanin Meta ma da ya saki Sapling a 2022, kusan duk tallar da aka yi masa a kan sauƙin sarrafa irin wannan tarin ne. Wato manyan ma'aikatu a kan bene suke aiki kullum, mu ne dai aka bar mu da ɗaki ciki ɗaya.

Yanzu ga inda ake faɗawa rami. An duba aikin na farko, aka ce masa ya sa lambar rajistar ɗalibi a matsayin zallar lamba, alhali lambar rajista tana da harufa da sanduna a ciki, dole ta zama rubutu. Gaskiya ne kuwa. Ya koma komit ɗinsa na biyu cikin uku ya gyara, ya tura. A wajensa magana ta ƙare. A wajen mutum biyun da ke sama kuwa, yanzu ta fara.

Sai mun fahimci mene ne komit kafin mu ga dalili. Kowane komit yana da lambar shaida mai harafi 40, kuma ba ƙirga ta ake yi ɗaya, biyu, uku ba. Lissafo ta ake yi daga abin da ke cikinsa: yanayin fayilolin, sunan marubuci, lokaci, saƙon da aka rubuta, da kuma lambar komit ɗin da ya haife shi. Kamar dai yadda ake kiran mutum wane ɗan wane. Idan ka canza sunan uban, ko da fuskar ɗaya ce, wani mutum ne daban. Saboda haka Git ba ya gyara komit, kuma ba ya matsar da shi. Sabo yake yi, ya bar tsohon a inda yake. A nan ne ma kalmar dashe ta ɗan gaza, domin manomi idan ya cire iri daga bedi, bedin ya zama wayam, shi kuwa Git kwafa yake yi. Reshe kuma ba komai ba ne illa ɗan allo da aka kafa a kan wani komit. Da na farko ya yi gyaransa, komit na biyu da na uku suka samu sababbin lambobi, allon rumbu ya koma kan sabon na uku. Allon shiga bai san an yi ba. Yana nan a kan komit ɗin ta biyu, waɗanda ubansu shi ne tsohon na uku, mai ɗauke da kuskuren nan.

To sai ta biyu ta yi abin da hankali ya ba ta, ta tsaya a kan shiga ta buga git rebase rumbu. Git zai tambayi kansa, waɗanne komit ne ke cikin shiga amma babu su a rumbu? Amsar ba nata biyun kaɗai ba ne. Har da tsofaffin na abokinta, tunda lambobinsu sun ɓace daga rumbu. Git yana da ɗan wayo a nan: idan canjin da ke cikin tsohon komit daidai yake da na wani sabo, yakan tsallake shi. Amma wanda aka gyara ai ba daidai yake ba, don haka zai yi ƙoƙarin ɗora tsohon a kan sabon, su yi karo. Sai ga CONFLICT da manyan baƙaƙe, a cikin fayil ɗin da ita ba ta taɓa buɗewa ba.

Nan ne abin ya fi ba ni haushi, domin tarkon ninki biyu ne. A lokacin dashe, abin da editan ke nuna maka a matsayin "na yanzu" shi ne na tushen da ake ɗora ka a kai, abin da yake kira "mai shigowa" kuwa shi ne komit ɗin da ake kwafowa. Akasin yadda aka saba a wajen haɗewa ke nan. Wadda ba ta san haka ba za ta danna "na yanzu" tana zaton nata ne, ta share aikinta da hannunta. Wadda kuma aka taɓa gaya mata cewa a dashe mai shigowa ne naka, za ta bi ta karɓi mai shigowa duk inda ta gani, ta dawo da tsohon kuskuren lambar rajista daram, ba tare da kowa ya sani ba. Manhaja za ta ci gaba da tashi lafiya lau, tunda duk gwajin da suke yi da 1234 suke yi. Sai ranar kare furojet, malamin da aka gayyato daga waje ya zauna ya buga lambar rajista ta gaske mai sanda a tsakiya. Kowa ya juya ya kalli na farko, shi kuma ya rantse ya gyara. Kuma gaskiya ya faɗa.

Maganin bai kai ciwon tsawo ba. Git yana da hanyar da za ka gaya masa abu uku dalla-dalla: ga inda za ka ɗora, ga inda za ka yanka, ga reshen da za ka ɗauka. Kafin kowa ya taɓa komai, a kafa alama a kan tsofaffin kawunan:

git tag rumbu-tsoho rumbu
git tag shiga-tsoho shiga

Bayan an gyara rumbu, sai a ce:

git rebase --onto rumbu rumbu-tsoho shiga

Ma'anarsa, ɗauki abin da ke cikin shiga wanda ya zo bayan rumbu-tsoho, shi kaɗai, ka ɗora a kan rumbu na yanzu. Tsofaffin komit ɗin na farko ba za su ko motsa ba. Idan aka yi karo a nan, karo ne na gaskiya, wato aikin ta biyu ne da kansa ya dogara da abin da aka canza, kuma ita ce ta fi kowa sanin yadda za a warware. Sai a maimaita wa hawa na uku:

git rebase --onto shiga shiga-tsoho rahoto

Masu auren mangwaro sun san wannan. Ba ka sare bishiyar tun daga gindi ka kai ta kan wata, ɗan reshen da kake so kawai kake yankowa, kuma duk gwanintar tana wajen sanin inda za a sa wuƙa.

Shekara da shekaru haka ake yi hawa-hawa, har zuwa Oktoban 2022 da Git 2.38 ya fito da --update-refs. Da shi, ka tsaya a hawan ƙarshe ka yi dashe sau ɗaya, duk allunan da ke tsakiya su bi ka:

git rebase --update-refs --onto rumbu rumbu-tsoho rahoto

Idan ma ba a riga an yi gyaran ba, ana iya tsayawa a kan rahoto a buga git rebase -i --update-refs main, a sa edit a gaban komit ɗin da ke da kuskure, a gyara, a ci gaba, rassa ukun su koma mazauninsu a tashi ɗaya. Wanda ya ji daɗinsa yana iya mayar da shi ɗabi'a da git config --global rebase.updateRefs true. Sai dai ku buga git --version tukuna. Ubuntu 22.04, wanda har yanzu shi ne a kan laftof ɗin da yawa daga cikinmu, da Git 2.34 yake zuwa, kuma wannan bai san zancen ba. Na 24.04 yana da 2.43. Ku kuma lura da dalilin da ya sa na ce a kafa alama da tag maimakon a buɗe wani reshe na ajiya: --update-refs yana kwasar duk reshen da ya tarar a kan hanya, har da wanda ka buɗe don ya zame maka madogara, amma ba ya taɓa tag. Haka nan idan benen ya yi rassa biyu a sama, misali mutum na huɗu shi ma ya tsiro daga shiga, wanda ba ka tsaya a kansa ba yana nan a tsohon wuri, sai ka koma masa da --onto.

Akwai hanyar da ta fi duk waɗannan arha, kuma ita nake fara ba mutane shawara. Idan gyaran zai iya zama sabon komit a saman rumbu, a yi shi haka, kada a koma baya a tono na biyu. Tsofaffin lambobi suna nan yadda suke, git rebase rumbu kawai ya ishi ta biyu. Komawa baya a goge kuskure kamar ba a taɓa yinsa ba abu ne mai kyau ga wanda zai karanta tarihin nan gaba, amma a furojet na wata uku ba kullum ne ya cancanci wahalar mutum biyu ba.

Duk abin da na faɗa zuwa nan a kan kwamfuta ɗaya yake faruwa, mu kuwa mutum uku ne da laftof uku. Wannan ɓangaren babu umarnin da ke magance shi. Dole ƙungiya ta zaɓi mutum ɗaya mai riƙon benen, ba lallai shugaban guruf ba, ba kuma lallai wanda ya fi surutu ba. Idan za a yi dashe, ya sanar: kowa ya yi komit, ya tura abin da ke hannunsa, ya ɗaga hannu. Shi ya jawo duka, ya dasa, ya tura rassan ɗaya bayan ɗaya, domin --update-refs a kwamfutarsa kaɗai ya yi aiki, bai je GitHub ba. Sannan ya ce an gama. Wanda ba shi da sabon aiki a hannu ya yi git fetch, sannan git reset --hard origin/shiga ko sunan nasa reshen. Wanda ya ƙara wani abu a tsakani, ya yi komit, ya buga git pull --rebase, wanda yakan gane cewa an sake rubuta reshen can sama ya ɗauko nasa sababbin kawai. Abin da ba a so shi ne ya haɗe tsohon da sabon, domin a nan ne za ka ga kowane komit ya fito sau biyu a tarihi kamar tagwaye, kuma kuskuren da aka kora ta ƙofa ya dawo ta taga.

Turawar ma da magana. Tunda lambobi sun canza, GitHub zai ƙi karɓa sai da ƙarfi, kuma abin da kowa ya haddace shi ne --force. Wannan ba ya tambaya, duk abin da ya tarar sai ya hau kansa, ko da abokinka ya tura aikin dare guda minti biyar da suka wuce. Ku saba da git push --force-with-lease. Shi yana dubawa ne ko reshen can yana nan yadda ka san shi a jawowarka ta ƙarshe, idan wani ya ƙara abu sai ya ƙi. Yana da rauni guda: idan editanka yana jawowa da kansa a ɓoye, Git zai ɗauka ka ga sabon aikin alhali ba ka gani ba. Don toshe wannan ne aka ƙaro --force-if-includes a Git 2.30. Shi kuwa main, a kulle shi a saitin GitHub yadda ba mai iya tura masa da ƙarfi, ko da shugaban guruf ne.

Sai ranar da aka karɓi rumbu aka haɗe shi da main. GitHub yana ba da zaɓi uku, kuma wanda ya fi jan ido shi ne na dunƙulewa, wanda ke matse komit uku su zama ɗaya. Ga bene, wannan wani sabon rikici ne. Main yana da aikin na farko duka, amma a cikin komit ɗaya mai sabuwar lamba wanda bai yi daidai da ko ɗaya cikin ukun ba, don haka wayon tsallakewar nan ba zai yi aiki ba. Idan ta biyu ta buga git rebase main, za ta sha karo iri ɗaya da na ɗazu. Wuƙar dai ita ce: git rebase --update-refs --onto main rumbu rahoto, muddin ba a goge rumbu na kan kwamfuta ba tukuna. Kada a yi gaggawar share reshen ƙasa don murnar an gama da shi.

Ina da wata ƙorafin a kan dunƙulewa wadda ta shafi maki kai tsaye. Dashe yana riƙe sunan wanda ya rubuta kowane komit da ranar da ya rubuta, ko da wani ne ya dasa. Dunƙulewa kuwa tana mayar da aikin mako uku layi ɗaya, kuma idan mutum biyu suka yi aiki a reshen, ɗaya ne zai fito a matsayin marubuci, ɗayan in ya yi sa'a a ambace shi a ƙasan saƙo. Kowa a nan ya san yadda furojet na guruf yake: akwai mai yin aiki, akwai mai kawo kuɗin firintin, akwai mai iya bakin da zai tsaya gaban malamai. Sau da yawa mai aikin ba ta da baki. Tarihin Git ne kaɗai shaidarta, kuma git shortlog -sn zai nuna wa ya yi komit nawa cikin daƙiƙa ɗaya. Na san yawan komit ba shi ne yawan aiki ba, akwai mai yin komit goma a kan waƙafi. Amma tarihi mai tsabta da za a iya buɗewa a karanta ya fi rantsuwa. Wannan ma sai idan kowa ya sa user.name nasa, domin a kwamfutar lab za ka tarar da komit ɗin mutum ashirin duk da sunan wanda ya fara zama a kujerar.

Masu adawa da dashe ba wawaye ba ne, kuma ba zan yi kamar ba su da hujja ba. Richard Hipp, wanda ya rubuta SQLite, ya gina nasa tsarin mai suna Fossil ya kuma ƙi sa masa rebase da gangan. Hujjar ɓangarensu ita ce dashe yana ƙirƙirar tarihin da bai faru ba. Komit ɗin da ka dasa a kan sabon tushe, ba wanda ya taɓa gwada shi a wannan yanayin, amma yana zaune a tarihi kamar an gwada. Wannan gaskiya ne. Amsata ita ce a gwada ɗin: git rebase yana karɓar --exec, ka ba shi umarnin gwajinka, ya gudanar da shi bayan kowane komit, ya tsaya inda abu ya karye. Sai kuma dokar da kowane bidiyon koyarwa ke nanatawa, cewa kada a dasa abin da aka riga aka tura wa wasu. Dokar tana da kyau ga main, da kuma duk reshen da ba ka san adadin masu dogaro da shi ba. Amma mutum uku da ke cin abinci a kanti ɗaya, suna cikin guruf ɗaya, sun san juna sarai. Abin da dokar ke tsoro shi ne a canza wa mutum ƙasa bai sani ba, ba canjin kansa ba.

Zan kuma yarda da wannan: idan ƙungiyarku irin wadda ba a amsa saƙo ce sai bayan kwana biyu, ku bar dashe. Ku haɗe rumbu cikin shiga, ku haɗe shiga cikin rahoto, babu turawa da ƙarfi, babu abin da zai ɓace. Tarihin zai yi kama da zaren da kyanwa ta yi wasa da shi, amma aikinku yana nan. Haka kuma bene ba abin alfahari ba ne. Hawa uku ya isa. Na ga masu jera shida suna jin su ƙwararru ne, alhali abin da ya kamata su yi shi ne su matsa a duba na ƙasa a haɗe shi tun makon farko. Kowace rana da reshen ƙasa ya ƙara a buɗe, bashi ne a kan na sama.

Abin da ya sa nake cewa tsoron ya wuce kima shi ne, da wuya Git ya yar da abin da aka yi wa komit. Kana tsakiyar dashe ka rikice, git rebase --abort zai mayar da kai inda ka fara. Ka gama ka ga ba daidai ba, alamun nan da ka kafa suna nan, git reset --hard shiga-tsoho a kan reshen ya wadatar. Ko ba ka kafa alama ba, git reflog yana riƙe da jerin duk inda ka taka, kuma a saitin asali ko komit ɗin da ba reshen da ke nuna shi yakan yi kwana 30 kafin a fara zancen share shi. Abin da ba shi da mai ceto shi ne wanda ba a yi wa komit ba, shi reset --hard ke cinyewa har abada. Don tabbatar da cewa dashen bai canza komai a ɓoye ba kuwa, akwai git range-diff tun Git 2.19 na 2018:

git range-diff rumbu-tsoho..shiga-tsoho rumbu..shiga

Zai jera tsofaffi da sababbi gefe da gefe. Alamar daidai tana nufin komit bai canza ba, alamar motsin rai tana nufin ya canza kuma ga inda ya canza. Da ƙungiyar misalinmu ta duba wannan na minti ɗaya, da ba a kai ga kallon-kallo a gaban malamin waje ba. Wanda karo iri ɗaya ya dame shi yana maimaituwa kuma ya kunna rerere.enabled, Git ya riƙa tuna yadda ya warware a karon farko.

Akwai sababbin kayan aiki irin su Jujutsu, wanda ke zama a kan ma'ajiyar Git ya riƙa dasa na sama da kansa duk lokacin da aka taɓa na ƙasa. Mai sha'awa ya gwada a hutu. Amma inda za a tura mu SIWES ko aikin shekara guda bayan ND, Git za mu tarar, kuma ba wanda zai zaunar da ɗan koyo ya yi masa bayanin --onto. Za a ce masa ne reshensa ya tsufa, ya sabunta kafin azahar.

A 2024 hukumar NBTE ta raba HND na kimiyyar kwamfuta gida huɗu, ɗaya daga ciki na haɗa manhaja da shafukan intanet ne zalla. Idan har da gaske masu haɗa manhaja ake son yayewa, to ina roƙon malamanmu, cikin girmamawa, su riƙa karɓar adireshin ma'ajiya tare da littafin furojet, su buɗe tarihin ko na minti biyar ne. Shafi arba'in na kod da aka buga a takarda aka ɗinke a bayan littafi ba ya nuna wa ya rubuta, ba ya nuna yaushe. Masu kula da lab kuma a taimaka a sabunta Git ɗin da ke kan kwamfutocin ya kai aƙalla 2.38.

Ƙungiyar ɗalibai kuwa, abin da nake nema a wajenta bai kai kuɗin kanofi na makon al'adu ba: aji ɗaya, ranar Asabar, awa biyu, da janareta idan an ɗauke wuta. Ba a buƙatar data ko ta naira ɗaya, domin Git yana aiki ba intanet, kuma ana iya buɗe ma'ajiya a kan filash da git init --bare kowa ya riƙa turawa can kamar GitHub ce. A raba mutane uku-uku, kowace ƙungiya ta gina rumbu, shiga da rahoto da fayil ɗin rubutu kawai, layi biyar-biyar. Mai koyarwa ya sa a gyara komit na biyu a reshen ƙasa, ya bar su su buga git rebase rumbu su ga karon da idonsu, su yi --abort, sannan ya rubuta musu --onto a allo. A awa ta biyu a dunƙule rumbu cikin main a sake barinsu da shi. 'Yan ND 1 ma su zo, kujerun gaba nasu ne.